A gida ana ce min daƙiƙi, a unguwa ana kira na injiniya

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 21. Sau biyu ina zana jarrabawar JAMB, na farko na ci 158, na biyu 171. A WAEC ina da kiredit a Lissafi da Fiziks da Kemistiri, amma Turanci ya ƙi. Yayana yana aji biyar a karatun likita, ƙanwata kuma ba ta taɓa wuce ta uku a ajinsu ba. Ni kuwa tun ina firamare in aka ce in tashi in yi karatu sai gumi ya karyo min, kuma har yau in na karanta shafi sai na maimaita sau biyu ko uku kafin in gane inda aka dosa. Abbanmu tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Ya sha ce min daƙiƙi a gaban ƙannena, ran nan har ya ce da akuya ya saya da kuɗin makarantata da yanzu ta zama garke. Amma Malam, shekara uku ke nan ina bin wani oga mai haɗa sola, yanzu ni kaɗai ina iya haɗa wa gida wuta tun daga faranti har inbata, in ta samu matsala in gano ta. Wutar gidanmu ma ni na haɗa. Kwanan baya na yi wani gwaji a intanet, aka ce basirata ta hannu ce, wai irinmu ba ma koyo ta littafi. Na ji sanyi a raina, na yanke shawarar in bar zancen karatu in riƙe sana'ata. Abba ya ce in ban sake zana JAMB ba in nemi wani uban. Umma kullum cikin kuka take. Shin da gaske ni daƙiƙi ne? In ba haka ba ne, in bi gwajin nan in haƙura da boko?

Daga wani matashi a jihar Kano (an sakaya sunansa)

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma zancen akuyar nan ya fi makin JAMB ɗin tsaya min a rai. Magana irin wannan in ta fito daga bakin uba, a gaban ƙanne, ta kan daɗe tana ciwo. Sannu. Allah ya sanyaya maka.

Tambayarka ta farko ita ce mai sauƙin amsa, kuma hujjar tana cikin wasiƙarka. Ka tuna ranar ƙarshe da wani maigida ya kira ka ya ce yana son wutar da za ta riƙe masa fanka biyu da ƙwan fitila biyar har asuba. Me ka yi? Ka juya bayan fankar ka ga wat 75, ka ninka biyu, ka haɗa da ƙwayaye biyar masu wat goma-goma, ka samu 200. Ka dubi batirin da ya ce ƙarfinsa zai iya saya, mai bolt 12 da amfiya 200, ka ninka su ka san abin da ya tara 2,400 ne, ka kuma san in batirin ruwa ne ba a shanye shi ƙarƙaf, rabi ake ɗiba in ana so ya yi ƙarko. Sai ka ce masa, “Alhaji, wannan awa shida zai ba ka, ƙila ma ya gaza saboda abin da inbata ke ci. In kana son ya kwana sai an ƙara ɗaya.” A tsaye ka yi wannan lissafin, wataƙila da guntun fensir a bayan kwali. Abin da ka yi ɗin nan shi ne babin lantarki na Fiziks ɗin babbar sakandare, babin da ke sa ɗalibai da yawa zufa. Sannan ranar da inbata ta kama ƙara ta ƙi kawo wuta, ba addu'a kawai ka tsaya yi ba. Ka duba fis, ka taɓa kan batir ko ya saki, ka ɗora mita ka ga nawa ke shigowa daga faranti, kana cire zato ɗaya bayan ɗaya har ka cafko mai laifin. Ka tambayi Yayanka abin da ake koya masa in an kawo majinyaci yana zazzaɓi, za ka ji irin wannan tunanin ne sak. Daƙiƙi ba ya yin haka.

Bahaushe ma tun asali bai tattara ƙwaƙwalwa cikin kalma ɗaya ba. Muna da mai hadda, muna da mai fasaha, da mai dabara, da mai azancin magana, da mai hikima, da kuma mai hankali, wanda shi ne aka fi so a ba wa 'ya. Kowa ya san malamin da ya haddace littattafai amma ba a tura shi kasuwa sayen rago, an kuma san dillalin da bai iya rubuta sunansa ba amma da kallo ɗaya zai faɗa maka abin da ke cikin aljihun mai saye. Boko ne ya zo mana da sikeli ɗaya, aka jera yara daga na ɗaya zuwa na kashin baya, iyaye suka ɗauka ma'aunin mutum ke nan. Abin mamaki, wanda ya fara ƙirƙiro gwajin basira irin na zamani, Alfred Binet na ƙasar Faransa, shi da abokin aikinsa Théodore Simon a 1905, sun yi shi ne don a gano yaran makarantar da ke buƙatar ƙarin taimako a taimaka musu. Binet bai yarda cewa basira aba ce tsayayyiya da ba ta ƙaruwa ba. Waɗanda suka biyo baya ne suka mayar da gwajin hatimin da ake buga wa yaro a goshi.

Zancen ire-iren basira da ka ci karo da shi a intanet kuwa, asalinsa wani malamin Jami'ar Harvard ne a Amurka, Howard Gardner, wanda ya fito da ra'ayin a 1983. Ya yi aiki da majinyatan da cuta ta taɓa musu wani sashe na ƙwaƙwalwa, ya ga mutum na iya rasa magana amma waƙa ba ta ɓace masa ba, ko lissafi ya tafi amma gane hanya na nan daram. Sai ya ce lallai ba abu ɗaya ne a cikin kan nan ba. Da farko ya lissafa bakwai. Akwai basirar harshe da ta lissafi, su biyun nan su ne 'yan gatan makaranta. Akwai ta gane siffa da wuri, irin ta magini ko telan da ke hango riga tun tana yadi. Akwai ta sarrafa jiki da hannu, irin ta maƙeri da ɗan dambe, da ta kiɗa da sauti, irin ta mai kalangun da ke sa fata ta yi magana. Sai ta sanin halin mutane, da ta sanin kai. Daga baya ya ƙara ta takwas, ta fahimtar halittu da tsirrai, wadda duk wanda ya taɓa ganin makiyayi ya gane saniyarsa ɗaya ba ta da lafiya a cikin garke tun daga nesa ba zai yi musunta ba.

To amma ɗana, ga inda zan ɓata maka rai kaɗan, don ban ga amfanin in shafa maka zuma a baki ba. Wannan ra'ayi na Gardner ya yi wa malamai da iyaye amfani wajen buɗe musu ido, sai dai masana halayyar ɗan Adam da yawa ba su karɓe shi a matsayin tabbataccen kimiyya ba. Wasu na cewa baiwa ce kawai ya canza wa suna. Tun 1904 wani Bature ɗan Ingila, Charles Spearman, ya lura cewa yaron da ya yi kyau a wani fanni yawanci yakan taɓuka a sauran, wato basirorin nan ba zaman doya da manja suke yi ba, suna da tushe guda da suke sha. Ka lura, wannan ma a gefenka yake: ƙwaƙwalwar da ta iya lissafin batir ba ta rasa abin da za ta tunkari littafi da shi ba. Shi kuwa gwajin da ka yi, tambayoyi ne irin su “kana son gyare-gyare?” da “kana jin daɗin karatu?” Ka ce e, ka ce a'a, ya tattara amsoshinka ya maido maka da su cikin sabuwar riga. Abin da kake so ya auna. Bai ɗora ka a kan wani aiki ya ga iyakar abin da za ka iya ba.

Batun cewa irinku ba sa koyo ta littafi, wannan shi ne ya fi damuna, domin shi ne ke neman rufe maka ƙofa. An daɗe ana yaɗa cewa wani da ido yake koyo, wani da kunne, wani da hannu, kuma in aka koyar da kowa ta hanyarsa zai fi ganewa. A 2008 wasu masana, Harold Pashler da abokan aikinsa, suka bi diddigin binciken da aka yi a kan haka, suka ce ba su samu gamsasshiyar hujjar da ke tabbatar da shi ba. Gardner da kansa ya fito ya ce kada a haɗa ra'ayinsa da wannan zancen. Abin da ake koyo shi ke zaɓar hanyar koyonsa. Tuƙin babur sai an hau, ko kai wane ne. Karatun Alƙur'ani sai an ji daga bakin malami. Saitin sabuwar inbata mai aiki da batirin litiyom kuwa yana cikin ɗan littafin nan da ke zuwa a kwalinta, da Turanci, kuma kuskure ɗaya a ciki na iya kashe wa mutum batirin da ya tara kuɗinsa shekara guda. Sana'ar da kake son gudu zuwa cikinta tana ƙara zama ta masu karatu kullum. Wanda ke iya karanta littafin na'ura, ya rubuta wa kamfani ko asibiti takardar ƙiyasin kuɗi, ya nuna shaidar ƙwarewa in an nema, shi ke karɓo kwangila. Wanda bai iya ba shi ake ɗauka ya hau rufi ya ɗaura faranti a biya shi kuɗin yini. Ba na so ka kai shekara 40 kana hawa rufin wasu.

Akwai wani bincike da nake yawan tunawa in na ga irinka. A birnin Recife na ƙasar Birazil, wasu masana uku, Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann, sun bi yara masu sayar da kwakwa da kayan marmari a titi, suna yi kamar masu saye, suna tambayar farashi da canji. Yaran suka ci kusan duka tambayoyin. Da aka ba su lissafin nan dai, da lambobi iri ɗaya zalla, su yi shi a takarda irin ta makaranta, ko rabi ba su ci ba. An buga sakamakon a 1985. Duk wanda ya taɓa sayen gyaɗa a hannun yarinya mai talla ya ga yadda take ba da canji ba ta kuskure ko sisi, ya san wannan labarin ba na Birazil kaɗai ba ne. Lissafin na nan a kan yaran, gadar da za ta kai shi takarda ce ba a gina ba.

Ina kyautata zaton taka gadar a karatu ta karye. Duba alamun: kana da kiredit a darussa uku da suka fi ba ɗalibai tsoro, Turanci ne ya kayar da kai, kuma kai da bakinka ka ce sai ka maimaita shafi sau uku. JAMB tambayoyi 180 ce cikin awa biyu a gaban kwamfuta, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Mai karatu a hankali lokacinsa zai ƙare yana kokawa da jimla tun bai kai ga amsar da ya sani ba. Saboda haka kafin ka yanke wa kanka hukunci, ga aikin da zan ba ka. Ka samo tsofaffin tambayoyin Fiziks guda ashirin. Goma ka karanta da kanka, ƙanwarka na riƙe da agogo. Sauran goman ita ko Yayanka ya karanta maka da baki, ya fassara maka tambayar da Hausa ba tare da ya nuna maka amsa ba. In ka ga na kunne sun fi na ido nesa ba kusa ba, to mun kama ɓarawon. Daga nan sai ka ɗauki wani rubutu na Hausa ka karanta a bayyane. In Hausar na tafiya sumul, matsalar ƙarancin kalmomin Turanci ce, kuma maganinta yawan karatu. In ita ma tana yi maka gardama, kana tsallake layi, haruffa na rikiɗe maka, to je ka a auna idonka tukuna.

Kada ka raina zancen idon nan. Lokacin da nake koyarwa a wata sakandare, akwai yaron da ke zama a bencin baya, kullum littafinsa fari fat in an gama kwafar allo. Na tsayar da shi a rana ya fi a ƙirga, na kira shi malalaci a gaban aji. Wata rana benci ya karye aka dawo da shi gaba, sai na ga yana rubutu kamar an kunna inji. Ashe shekara biyu yaron nan bai taɓa ganin abin da nake rubutawa ba, shi kuma ya ɗauka kowa haka yake gani. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. In ido ya fita lafiya kuma matsalar na nan, akwai wata tangarɗar karatu da ake kira disleksiya, wadda ke sa ƙwaƙwalwa ta sha wahalar haɗa harafi da sautinsa. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, takan bi jini, kuma ana samun dabarun zama da ita. Tabbatar da ita aikin ƙwararru ne, kuma za ka iya fara tambaya a Sashen Ilimi na Musamman da ke Jami'ar Bayero, tunda a jiharku yake. Ko kafin nan, wayar da ke hannunka tana iya karanta maka rubutu da murya, ka riƙa bin layi da ido kana saurare.

Yadda za ka yi karatun kansa kuwa, ba sai mun je nesa ba. Ka tuna makarantar allo. Malam ba ya yi maka ƙari sai ka biya na jiya ba tare da ka kalli allo ba, ba a wankewa sai ya zauna, kuma bayan an wuce ana dawowa a yi tishi. Masu bincike sun zo sun tarar da abin da alarammomi suka daɗe suna yi. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawa a rarrabe na rage ta. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka gwada ɗalibai, suka ga waɗanda suka rufe takarda suka ƙoƙarta tuno abin da suka karanta sun fi masu maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda. Don haka ka daina zama awa huɗu kana kallon littafi ana saura wata ɗaya jarrabawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Minti arba'in bayan sallar asuba, kullum, ya ishe ka. Karanta ɗan kaɗan, rufe littafin, faɗa wa kanka abin da ka gane da Hausa, buɗe ka duba. Bayan kwana biyu ka dawo masa, bayan mako ka sake.

Ga kuma inda basirar hannunka za ta yi maka aiki. Sauran ɗalibai daga littafi suke farawa, ba su taɓa ganin abin a zahiri ba. Kai ka fara daga aikin da ka yi jiya. Ka jera batir biyu masu bolt 12 ka samu 24? Nemo shafin da ya yi bayanin haka, ka ga sunan da Turawa suka ba abin da hannunka ya riga ya sani. Waya ta yi zafi saboda ta yi siriri? Akwai babinta. Turancinka ma ka fara gina shi daga littattafan na'urorin da ke shagon ogan naka, tunda rabin ma'anar ka san ta, sannan ka faɗaɗa zuwa jarida da littattafan jarrabawa. Ka ajiye ƙaramin littafi a aljihu, kalma biyar a rana.

Sai Abba. Kalmar da ya faɗa maka ba daidai ba ce, ba zan yi mata kwaskwarima ba. Amma ka dubi inda ya fito. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a ofis, inda takarda ke raba matakin albashi. Da idonsa ya ga haziƙan mutane sun tsufa a ƙaramin mataki don ba su da shaida, yaran da suka koya wa aiki sun zama shugabanninsu. In ya dube ka, wannan yake hangowa, kuma iyayenmu maza da yawa in tsoro ya kama su faɗa ne ke fitowa daga bakinsu. Uban da ya fid da rai da ɗansa ba ya tsayawa yana rantsuwa a kan JAMB, ƙyale shi yake yi. Kada ka je masa da sunan Gardner, kada kuma ka ce masa intanet ta ce. Ka je masa da tsari a rubuce, da kwanan wata, irin abin da tsohon ma'aikaci ke girmamawa.

Kuma ka lura da wani abu: sharaɗin da ya gindaya maka shi ne ka sake zana JAMB, bai ce dole sai likita ba. To shiga kwalejin kimiyya da fasaha ma ta JAMB ake bi, kuma makin da suke nema yawanci bai kai na jami'a ba. Ka ga kana iya cika umarninsa ba tare da ka bar hanyarka ba. Shawarata ta farko ita ce ka gyara Turancin nan ta jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, tunda yawancin makarantu na karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Sannan ka cike JAMB ka zaɓi difloma a injiniyan lantarki, ko a kwalejin jiharku, ko ta Kaduna, ko ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. Shekara biyu ce, sai shekarar sanin makamar aiki, wadda kai ka riga ka yi ta sau uku. Daga nan ko ka wuce babbar difloma, ko in sakamakonka ya yi kyau ka shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Ba zan ɓoye maka ba, har yanzu ana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma a wuraren aiki da dama, kuma Abba ya san haka, shi ya sa za ka nuna masa cewa ƙofar digirin a buɗe take. A ɗakin gwaje-gwaje kuwa, ranar da aka miƙo waya da mita, za ka ga 'yan ajinku sun zagaye ka.

In yanayin kuɗi ko na aiki bai ba da damar karatun cikakken lokaci ba, kwalejoji da yawa na da tsarin yamma ko na ƙarshen mako. In kuma bayan ka gwada da gaske ka ga aji ba zai yiwu ba, to ko sana'ar ma kada ka bar ta ba takarda. Hukumar NABTEB na ba da shaidar fasaha a fannin haɗa wutar lantarki, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na yin gwajin sana'a mai matakai uku, hukumar NBTE da ke Kaduna kuma na da tsarin tantance ƙwarewar waɗanda suka koyi aiki a hannun oga. Amma ni da za ka bi tawa, da ka fara da ta farkon. Shekara 21 ba komai ba ce.

Kada ka tunkari Abba kai kaɗai, kuma kada ka yi lokacin da ransa ke ɓace. Fara da Umma. Zaunar da ita ka nuna mata tsarin, domin rabin kukanta na rashin sanin inda za ka dosa ne, kuma ita ta san lokacin da ake samun kansa. Sannan ka nemi wanda yake jin nauyinsa, Baffanka ko amininsa ko limamin masallacinku, ya raka ka. Shi wannan babban ne zai taɓo zancen zagi a gaban ƙanne, bayan kai ka tashi, don magana ce da ba ta dace da bakinka ba. In mai ilimin addini ne zai iya tuna masa hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci sahabbansa kowa da inda ya yi fice: Zaidu bin Sabit a rabon gado, Ubayyu bin Ka'ab a karatun Alƙur'ani, Mu'azu bin Jabal a sanin halal da haram. Kai kuma naka shi ne ka durƙusa ka ba shi haƙuri a kan cewa da ka yi ka bar karatu, ka ce ka ji maganarsa, ga yadda kake son cika ta. In da hali ka ce kuɗin rajistar daga aljihunka za su fito. Wannan kaɗai zai shiga kunnensa fiye da dogon bayani.

Yayanka kuma kada ka bari gwada ku da ake yi ya shiga tsakaninku, ba shi ya ce a yi ba. Ka roƙe shi awa ɗaya a mako in yana gari. Ogan naka ma ka sanar da shi da wuri, ka nemi ya sassauta maka in jarrabawa ta matso. Wanda ya riƙe ka shekara uku har ka iya aiki ya cancanci ya ji daga bakinka kafin ya ji a gari.

Tambayoyi ashirin ɗin nan ka yi su cikin makon nan, kada ka ce sai an kwana biyu. Ka rubuto min nawa ka ci da ido, nawa ka ci da kunne, da abin da mai auna ido ya ce, sai mu san da wanne za mu fara. Ka gaishe min da Umma, ka ce mata ta share hawayenta.